Ƙamshin fata ya gudu daga motata, ta yaya zan dawo da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi mota 'yar Kwatano, Lexus RX 350 ƙirar 2010, mai kujerun fata. Lokacin da ta iso, da ka buɗe ƙofa ƙamshin fata ne zai tarbe ka. Yanzu ta yi damina biyu a hannuna, ƙamshin ya tafi, sai wani ɗan wari da ke tashi da safe idan na kunna AC. Na gwada turaren ratayawa da na fesawa, kwana biyu sai su baje. Masu wankin mota suna shafa wa kujerun man dashbod, suna ƙyalli amma babu ƙamshi. Me zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙamshin zai dawo, ko da bai kai na ranar da motar ta fito daga masana'anta ba, amma ba ta hanyar da ka bi ba. Ka fara ne daga ƙarshe. Turare shi ne aikin ƙarshe, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Kafin a zo kansa sai an gano inda warin yake fitowa, an busar da motar, an wanke fatar da abin da ya dace da ita. Wanda ya tsallake waɗannan ya fesa turare, tamkar ya fesa shi ne a kan rigar da aka wuni ana gumi a cikinta ba a wanke ba.

Yana da kyau ka san mene ne kake shaƙa tun farko. Ƙamshin fata yana fitowa ne daga kayan jima, da man da ake ɗura wa fatar don ta yi laushi, da rini, da abin da aka rufe samanta da shi. Dukkansu abubuwa ne masu tashi a iska, zafi kuma yana hanzarta tashinsu. Fatar motocin zamani ma da gangan ake rage mata ƙamshi. Kamfanonin Jamus suna da wani gwaji da ake kira VDA 270, inda ake dumama yankin kayan cikin mota har zuwa digiri 80, ƙwararru su shinshina su ba shi maki daga 1 zuwa 6, wanda ya yi ƙarfi a ƙi karɓarsa. Tsofaffin Rolls-Royce da Jaguar masu fatar kamfanin Connolly na Ingila su ne aka sani da ƙamshi mai nauyi da ke daɗewa, saboda yanayin jimarsu daban ne. Taka an jeme ta da sinadaran zamani, an yi mata launi, sannan aka lulluɓe ta da wani siririn rufi na roba mai kare ta daga ruwa da tabo. Motar da ta haura shekara 10 kafin ta zo hannunka, ƙamshinta na masana'anta ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya tarbe ka ranar da ta iso, mafi rinjayen zato, man fata ne mai ƙamshi da dillali ya sa aka shafa mata kafin sayarwa. Wannan labari ne mai daɗi, domin abin da mutum ya sa da hannunsa kai ma za ka iya sawa, har ka fi shi kyautatawa.

Ka kuma tabbatar da abin da ke kan kujerun. A yawancin motoci, inda ake zama da inda ake jingina baya ne kawai fata, gefe da bayan kujera roba ce mai kama da fata. Wasu kuma gaba ɗaya roba ce, kamar MB-Tex na Mercedes, SofTex na Toyota da NuLuxe na sababbin Lexus. Waɗannan ba su taɓa yin ƙamshin fata ba, kuma man fata ba ya shiga cikinsu. Danna yatsa a kan kujera: fata ta gaskiya tana yin ƙananan tamoji da ke bazuwa daga wurin yatsan, roba kuwa lotsawa kawai take yi sumul. Sai ka ɗiga digo ɗaya na ruwa a wani ɓoyayyen wuri. Idan ya tsaya a sama kamar ƙwallo, fatar mai rufi ce, duk abin da za mu faɗa a nan ya shafe ta. Idan ta shanye shi cikin minti ɗaya wurin ya yi duhu, to ko dai fata ce marar rufi, ko rufin ya cinye a wannan wurin, kuma irin wannan ba a sa mata ruwa da burushi, aikin gwani ce.

Yanzu ga warin safiyar nan. Kusan babu shakka daga AC yake. A bayan dashbod akwai wani ƙarfe mai ramuka da iska ke ratsawa ta yi sanyi, masu gyaran AC suna ce masa ibaforeta. Duk lokacin da AC ke aiki raɓa tana taruwa a jikinsa. Idan ka kashe mota ya kwana a jiƙe cikin duhu, ƙurar da ta maƙale masa sai ta zama abincin funfuna da ƙwayoyin cuta, da safe fanka ta huro maka warinsu. Fara da filtar iskar cikin mota. A motarka tana bayan akwatin gaba na ɓangaren fasinja, ba a buƙatar makanike don ciro ta. Sau da yawa za ka tarar da ita ta yi baƙi ƙirin, ramukanta cike da jar ƙurar hunturu da busassun ganyen darbejiya, wani lokacin har da kashin ɓera. Kada ka kakkaɓe ta ka mayar, sayi sabuwa, kuma in da hali ka nemi mai gawayi a ciki, wadda za ka ga launinta toka-toka ne, don ita tana kama wari ban da ƙura. Lura da yadda tsohuwar ta fito da inda kibiyarta ke nunawa, ka sa sabuwar haka. Masu ƙera motoci sukan ce a canja ta bayan kilomita 15,000 zuwa 20,000, amma wannan lissafin ƙasashen da ba su san buji ba ne. A wurinmu sau biyu a shekara ya fi dacewa, ɗaya bayan hunturu, ɗaya bayan damina.

Kafin ka mayar da sabuwar filtar, haska tocila cikin ramin ka duba fankar da ke ƙasa. Idan akwai ganye ko sheƙar ɓera, a kwance fankar a share. Buɗe bonet ka share kwarin da ke gindin gilashin gaba, ƙarƙashin waifa, don ta nan iskar waje ke shiga, kuma nan ganye ke taruwa ya ruɓe. Daga nan kunna AC na minti 10 ka leƙa ƙarƙashin mota ta wajen fasinja. Idan lokacin danshi ne, ya kamata ka ga ruwa yana ɗiga. Idan babu, mai yiwuwa bututun fitar da ruwan ya toshe, ruwan kuma yana komawa ne kan kafet ɗinka. Akwai kumfar wanke ibaforeta ta gwangwani mai dogon siririn tiyo. Ana zura tiyon ta bututun fitar ruwan, a matse gwangwanin, a bari minti 10 zuwa 15 kumfar ta narke ta zubo da dauɗar, sannan a kunna fanka da ƙarfi da tagogi a buɗe. Kada a cika kumfar ta wajen fankar har ta jiƙa injinta da wayoyinta, yana iya ƙona ta. Idan ba ka saba ba, mai gyaran AC zai yi maka cikin ƙasa da awa ɗaya. Fesa turare a cikin ramukan iskar dashbod ba ya kaiwa inda matsalar take.

Sai ruwan da ke ɓoye. Wannan shi ne abin da ya fi cinye ƙamshin mota a damina, kuma shi aka fi mantawa da shi. Cire duk tabarmin ƙafa, ka danna tafin hannu da ƙarfi a kan kafet, gaba da baya, dama da hagu. Saman kafet yana iya bushewa alhali soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe da ruwa na makonni. Ɗaga shimfiɗar but ka duba ramin safayar taya, ruwa yakan kwanta a nan. Idan motar tana da tagar sama, buɗe ta ka zuba kofi ɗaya na ruwa a hankali cikin kwarin gefenta, ya kamata ya fito ƙasa ta bayan tayoyin gaba. In bai fito ba, bututun ya toshe. A buɗe shi da siririyar igiyar roba mai lanƙwasa, ba da wayar ƙarfe ba, ba kuma da iskar injin falkanesa ba, domin ƙarfin iskar yana fizge bututun daga mazauninsa a cikin rufi, daga nan ruwan sama zai riƙa zuba kai tsaye cikin mota. Duba ƙananan ramukan da ke ƙasan kowace ƙofa su ma, laka tana toshe su. Idan ka samu kafet a jiƙe, goge samansa ba zai wadatar ba. A kwance robobin bakin ƙofa, a ɗaga kafet ɗin a tokare shi da katako, a kunna masa fanka kwana ɗaya ko biyu da ƙofofi a buɗe a wuri mai iska. Soson da ya riga ya yi baƙi yana wari, yanke shi ake yi a sa sabo.

In har aikin ya kai ga cire kujera, a cire kan batir tukuna a jira aƙalla minti 5. Soket ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujera na jakar iskar kariya ne. Cire shi da wuta a jiki yana kunna fitilar gargaɗi a dashbod, kuma yana da haɗari. Wannan wuri ne na rewaya.

Motocin da aka shigo da su daga gwanjon Amurka akwai waɗanda ambaliya ta taɓa cinyewa. Alamarsu tsatsa a ƙarafunan ƙarƙashin kujera, busasshiyar laka a lungunan da wanki ba ya kaiwa, da tabon ruwa a bel idan ka jawo shi har ƙarshe. Irin wannan mota ba za ta riƙe kowane ƙamshi ba sai an fitar da kafet da soson gaba ɗaya.

Ka tuna kuma ko wani abu ya taɓa zubewa. Nono ko fura da suka shiga kafet, romon kifi, fitsarin yaro, amai, duk suna barin furotin da ke ci gaba da ruɓewa, warin ya lafa da sanyi ya taso da rana. Sabulu ba ya gamawa da su. Ana buƙatar ruwan wanki mai enzayim, wanda ke narkar da abin da ya zube ɗin kansa. A jiƙa wurin da shi sosai har ya kai zurfin da zubin ya kai, a rufe da ɗanyen tawul na awa biyu zuwa uku don kada ya bushe kafin ya yi aiki, sannan a tsotse a busar. Fetur da ya zube daga jarka a but kuwa, fitar da shimfiɗar ake yi a wanke da sabulun wanke-wanke a shanya a rana kwanaki. Hayaƙin taba da turaren wuta suna barin maiƙo a rufin ciki da gilashi. Rufin ciki manne yake da gam, idan aka jiƙa shi sai ya saki ya rataya, don haka a fesa ruwan wankin a jikin tawul, a riƙa dannawa a hankali ba tare da gurzawa ba.

Bayan kafet ya bushe ƙayau, barbaɗa masa bekin soda, kamar giram 250 zuwa 500 ga mota irin taka, ka shigar da ita da burushi, ta kwana, da safe a zuƙe da injin zuƙe ƙura. A kafet kawai. Kada ta taɓa kujerun, domin tana toshe ƙananan hujojin fata ta bar farin tabo da ke wahalar fita, kuma yanayin sinadarinta bai dace da fata ba.

Sai yanzu muka zo kan kujerun, kuma a nan ne aka fi yi wa motarka illa. Ƙyallin da kake gani ba lafiya ba ce. Sabuwar fatar mota ba ta sheƙi, dishi-dishi take. Duba gefen kujerar baya ta tsakiya, wadda ba a cika zama a kai ba, ka kwatanta da kujerar direba da sitiyari, za ka ga bambancin. Sheƙin nan gumi ne, da man shafawa na jiki, da ƙura, sai silikon ɗin man dashbod da aka riƙa ɗorawa a kai duk wanki. Ya rufe fatar ruf, shi kansa yana da ɗan tsamin wari idan ya ji rana, kuma duk man fatar da za ka shafa a kansa zai zauna ne a saman dauɗa. Ka gaya wa masu wankin su daina daga yau.

Kayan aikin ba su da yawa: ruwan wanke fatar mota, burushi mai laushi irin na gashin doki da ake goge takalmi da shi amma sabo, tawul ɗin maikurofaiba huɗu ko biyar masu haske, da bokitin ruwa mai tsabta. Lexol, Sonax, Autoglym da Meguiar's duk suna yin ruwan wanke fata. Idan ba ka samu ba, ƙaramin cokali ɗaya na shamfun jarirai a cikin lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi zai yi aiki, ko da bai kai su ƙarfi ba. Abin da ba za ka kusantar da shi ba shi ne omo, sabulun wanki, kanwa, bilic, fetur, kananzir da tina. Fata tana da ɗan tsami a halittarta, a ma'aunin pH da ke nuna tsami ko kaifi irin na kanwa tana wajen 4 zuwa 5, omo kuwa, da ke ɓangaren kanwa, yana kaiwa 10. Duk inda ya ratsa ta ɗinki ko tsaga sai ya busar da fatar ta yi tauri ta fara karyewa, fetur da tina kuma rufin da launin suke narkarwa nan take. Farin soson nan mai goge tabo da ake sayarwa shi ma kankarar rufin yake yi, duk da taushinsa a hannu.

Yi aikin a inuwa, da safe, kujera a sanyaye. A kan fata mai zafi ruwan wankin bushewa yake kafin ya ɗago dauɗa, ya bar zane. Fara da zuƙe ƙura, ka kwantar da majinginar ka buɗa lungun da ke tsakaninta da mazauni da yatsu, nan ne yashi da ɓawon gyaɗa ke taruwa, yashin kuma idan burushi ya ja shi sai ya karce fata. Gwada ruwan wankin a ɓoyayyen wuri da farin tawul, idan launin kujera ya fito a tawul ɗin ka dakata, mai yiwuwa an taɓa yi wa kujerar fenti. Idan lafiya, fesa sau biyu ko uku a kan burushi, ba a kan kujera ba. Ɗauki wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ka riƙa kewayawa a hankali na daƙiƙa 20 zuwa 30 har kumfa ta taso. Ba ƙarfi ake so ba, kumfar ce ke aikin. Za ka ga farar kumfar ta koma ruwan ƙasa. Share ta nan take da busasshen tawul kafin ta koma, ka bi da wani tawul da aka jiƙa aka matse sosai, sannan ka busar. Kujerar direba da sitiyari da madogarar hannu sukan buƙaci zagaye biyu ko uku. Ka san ka gama idan wurin ya bushe ba ya sheƙi kuma yatsa ba ya zamewa a kai.

Idan kujerunka masu ƙananan hujoji ne, ka ninka hattara. A ƙarƙashinsu akwai soso, a wasu akwai wayar dumama kujera ko fankar sanyaya ta, a ta fasinja kuma akwai na'urar da ke gane ko akwai mutum a zaune. Ruwan da ya zurara ta hujojin ya shiga soso zai haifar da irin warin da kake ƙoƙarin korewa. Kumfa kaɗan, sharewa da sauri. Hujin da ya toshe, tsinken sakace ya isa buɗe shi.

Idan ka ga farin ɗigo-ɗigo na funfuna a kujera ko bel, sa takunkumi, ka buɗe ƙofofi, ka haɗa ruwan kal fari da ruwa daidai wa daida, ka goge da tawul bayan ka gwada a ɓoye, sannan ka yi wankin da muka bayyana. Warin kal ɗin yana tafiya cikin kwana ɗaya.

Bar kujerun su sha iska na awa ɗaya kafin man fata. A nan za mu faɗi abin da masu talla ba su cika faɗa ba: fata mai rufi ba ta shan mai sosai. Kaɗan ne ke shiga ta ɗinki da hujoji da wuraren da suka goge. Amfanin man a gare ka biyu ne, rage gogayya da tufafi, da kuma ƙamshi. Saboda haka zaɓi mai ruwa-ruwa wanda ba ya barin maiƙo, kuma wanda aka san shi da ƙamshin fata. Gliptone Liquid Leather da Zaino Z-10 sun yi suna a wannan fanni. Buɗe kwalbar ka shinshina kafin ka saya in an yarda, domin wasu mayukan ƙamshin lemo ko kwakwa suke yi. Ƙaramin cokali ɗaya ya ishi kujera guda. Ɗiga shi a soso ko tawul, ka murza shi ya bazu a jikin soson tukuna, sannan ka shafa siriri, a bari minti 15 zuwa 20, a goge ragowar da busasshen tawul har sai hannu bai ji danƙo ba. Mai da yawa ba ya ƙara ƙamshi, ƙura yake kamawa ya toshe hujoji. Kada ka shafa wa sitiyari, zai yi santsi a hannu. Man kaɗe, man zaitun, man gyaɗa, basilin da man takalmi duk ka bar su. Man girki yana lalacewa da zafi ya koma wari, ya jiƙa zaren ɗinki ya ja ƙura, man takalmi kuma a jikin farar shaddarka zai ƙare.

Bayan shafa man, rufe motar ta kwana a haka. Da safe za ka ji bambanci.

Idan har yanzu akwai ragowar wari, musamman na taba, sai injin ozon, wato na'urar da ke fitar da wata iska mai kashe wari. Wasu manyan wuraren wankin mota suna da shi. Ana ajiye shi a cikin mota bayan an gama wanki kuma komai ya bushe, a kunna fanka a kan juya iskar ciki, a rufe na minti 20 zuwa 30. Ba mutum ba dabba a ciki, domin iskar tana cutar da huhu, bayan an gama kuma a buɗe duka ƙofofi na aƙalla awa ɗaya. Kada ka yarda a bar shi ya kwana yana aiki, yawansa yana cin roba da soso, ya bar wani ƙauri da ya fi na farko wahalar fita. Ka sani kuma ozon ba ya zaɓe, yana kashe ƙamshi mai daɗi tare da marar daɗi, don haka in za a yi shi, a yi kafin man fata. Hanya mai sauƙi ga wanda ba ya gaggawa ita ce jakar gawayin da aka sarrafa don kama wari, giram 200 zuwa 500, ta yi mako ɗaya ko biyu a motar. Gawayin girki ma yana ɗan taimakawa, bai dai kai shi ba. Amma fitar da jakar kafin ka fara sa ƙamshi, in ba haka ba shi ma za ta shanye.

To, ga ƙarin ƙamshin kansa. Hanya ta farko turaren fata na fesawa, irin Leather Scent na Chemical Guys. Fesa sau biyu zuwa huɗu a kan kafet ƙarƙashin kujerun gaba, ko a kan ɗan ƙyalle ka ajiye a can. Ba a kan fata ba, ba a kan dashbod ko allon rediyo ba, yana barin tabo. Yakan yi mako ɗaya zuwa biyu. Fara da kaɗan, domin hancinka zai saba da shi cikin kwanaki ka ɗauka ya ƙare, ka ƙara, alhali wanda ya shigo daga waje kansa ciwo yake. Cire duk sauran turarukan ratayawa, kuma a daina turara motar da turaren wuta ko zuba humra a ramukan AC, ƙamshin fata mai sanyi ne, kowane ɗayansu zai danne shi.

Hanya ta biyu ita muka fi so, kuma mu a nan mun fi masu motoci na wasu ƙasashe samun sauƙinta: ajiye fata ta gaskiya a cikin motar. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da ƙamshin da jimar sinadarai ba ta da shi, irin wanda ake ji a rumfunan dukawa a Kasuwar Kurmi ta Kano ko a wajen masu sana'ar fata na Sakkwato da Zinder. Nemi ragowar yanka, rabin kilo zuwa kilo ɗaya, ba tsada. Amma ka zaɓa da hancinka. Jimar gargajiya tana bi ta matakan jiƙo da toka da kashin tsuntsaye kafin bagaruwa, wadda ba a wanke ta da kyau ba tana da ɗoyi da zafin mota zai ninka. Ɗauki yanki ka dumama shi tsakanin tafukanka, ka shinshina ɓangaren cikin, mai gashi-gashi. Idan ka ji ƙamshin itace da ɗan zaƙi, ita ce. Idan ka ji ƙarni ko tsami, ajiye. Zaɓi marar rini, domin jar fata da baƙa suna zubar da launi a kan kafet idan sun ji danshi. Shanya ta a inuwa kwana biyu, ka yanka ta falle-falle don iska ta ratsa, ka zuba a jakar yadi mai shara-shara, ba leda ba. Ɗaure jakar da kyau a ƙarƙashin kujerar fasinja ko a aljihun bayan kujera, nesa da layin da kujera ke gudu a kai, da wayoyi, da ramin iskar ƙafar baya. Kada ka ajiye komai sako-sako a ƙarƙashin kujerar direba, birki ɗaya mai ƙarfi zai iya turo shi ƙarƙashin feda. Idan ƙamshin ya yi rauni bayan wata biyu ko uku, kankare bayan fatar da samfefa ko ka ɗiga mata man fatar nan kaɗan. A damina ka riƙa ciro ta duk mako biyu kana dubawa, fatar bagaruwa tana saurin kama funfuna, kuma da ta kama jefar da ita za ka yi.

Abin da zai sa aikin ya ɗore shi ne rage zafi da danshi. A watan Afrilu da Mayu, motar da aka rufe a rana a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikinta yana haura digiri 60, wannan zafin ne ke ƙone ƙamshi kuma yake sa fata ta ƙanƙance ta tsage. Nemi inuwa, ka sa makarin rana a gilashin gaba, in wurin amintacce ne kuma ba damina ba ka sauke gilasai kamar faɗin yatsa. Saura minti biyu ko uku ka isa gida, kashe maɓallin AC ka bar fanka tana hurawa da ƙarfi a kan iskar waje, ibaforeta zai rage jiƙa kafin ka kashe mota. Kada a rufe motar da tabarmin ƙafa ɗanye bayan wanki. Goge kujerun da ɗanyen tawul da aka matse sau ɗaya a mako, sau biyu a lokacin hunturu, wanki da burushi da man fata kuma duk wata uku. Idan ka rufe kujerun da rigar leda don kare su, cire ta, gumi take tarawa a ƙarƙashi kuma ba za ka taɓa jin ƙamshin fatar ba.

Idan ka bi duk wannan amma kujera ɗaya ta ci gaba da wari duk lokacin da aka zauna a kai, matsalar tana cikin sosonta. Kai ta wajen mai ɗinkin kujerun mota ya kwance fatar, ya wanke soson ya shanya ko ya sa sabo, ka kuma ce ya goge bayan fatar da ruwan kal ɗin nan ya bar ta ta bushe a inuwa kafin ya mayar.